Sawun da Ya Tsiro a Bayan Sito

Da safe aka gane, ranar da motar banki ta zo kwasar shinkafar biyan bashi. 'Yan dako sun ɗebe buhunan gaba lafiya lau, suna nishi yadda suka saba. Da suka kai layin da ke jingine da bangon baya, sai ɗayansu ya tattaro ƙarfinsa ya sunkuci buhu, ya tafi da baya kamar zai faɗi. Buhun ba komai cikinsa sai rabi. Na kusa da shi ma haka. Layin nan gaba ɗaya ya saki jiki, ya yi yaushi kamar tsofaffi a zauren asibiti.

Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau. Mukullinsa ɗaya ne a duniya, yana ɗaure a haɓar zanen mace ɗaya.

Ga yadda bashin yake. Banki ba ya ba manomi kuɗi a hannu, don ya san halin hannu. Iri yake bayarwa, da taki, da man injin ban-ruwa. Bayan girbi kowa ya kawo nasa kason sito, shinkafa da ɓawonta, kuma sai farar doguwar nan da bankin ya ba da irinta, ba wata ba. Ƙungiyar manoma ce ta tsaya wa kowa. In awo bai cika ba, ba wanda zai ga ƙwayar taki a noma mai zuwa. Mazan ƙungiyar sun san juna sosai, shi ya sa ba wanda ya yarda a ba ɗan'uwansa mukulli. Sai suka ba Ma'ajiya, wadda ba ta taɓa makara da biya ba, suka haɗa mata da sharaɗi: abin da ya ɓata a sito, mai mukulli ke biya.

Abin da ta mallaka kuwa fili ɗaya ne, wanda uwarta ta mutu ta bari.

"Ni ban ce kowa ya yi sata ba," in ji Shugaban ƙungiyar, yana kallon haɓar zanenta. "Amma dai kwaɗo ba ya buɗe kansa."

Jami'in banki yaro ne mai kunya, wanda bai saba ganin manya suna nuna juna da baki ba. Ya ce zai iya riƙe motar zuwa ƙarshen wata, daga nan kuma ba hannunsa.

Ma'ajiya ba ta yi kuka ba. Ta ce, "A kira min babana."

*

Mai Sawu ya yi zamaninsa. Ya bi sawun shanun sata har inda harshe ke canzawa, ya dawo da su suna tafe a gabansa. Yanzu ɓarayi sun koma shiga mota, gwiwoyinsa kuma sun koma ba shi labarin hadari tun kafin ya haɗo. Ya iso yana dogara sanda, ya gai da kowa, ya bar 'yarsa a ƙarshe.

"Baba, kar jikinka ya yi sanyi. Ba ni ba ce."

"Ban tambaye ki ba."

Shugaba ya yi gyaran murya. "Baba, ba don raini ba, amma uba ya binciki 'yarsa..."

"Shi ya sa za ka bi ni ƙafa da ƙafa, Shugaba. Duk abin da na gani kai ma ka gani. Tafiyar ma za ta yi wa cikin nan naka amfani."

Suka shiga. Sito ne da aka ɗaga gininsa sama da ƙasa saboda danshi, ciki duhu, sai warin buhu da ƙura. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya juya buhu ɗaya. Akwai huda a bayansa, ta wajen bango.

"Ɓera," in ji Shugaba.

"To ɓeran garinku tela ne. Dubi bakin hudar, yanka ɗaya, a karkace. Ɓera kuma in ya ci yana barin ƙaiƙayi da kashi, ba ya share wuri don ladabi."

Ya sa aka ja buhunan. A ƙasan bangon akwai jerin ramukan shan iska, kowanne da ragar waya, kowace raga an ɓanɓare ta an mayar. Daga waje, ramukan sun kai ƙugun mutum. Wanda ya sami guntun bututun ban-ruwa ya fere bakinsa, ya soka ta ramin, sai ya tara buhu kawai ya jira. Shinkafa za ta sauko masa da kanta.

"Ka gani? Ba a bukaci mukulli ba."

"Na gani," in ji Shugaba. "Mai mukulli ma in tana da wayo haka za ta yi, don a ce daga waje ne."

Mai Sawu ya dube shi. Abin haushin shi ne maganar ba wauta ba ce. Sai an kawo mutum, ba rami ba.

Suka zagaya baya. Tun da aka gama girbi ake sako shanu su ci tushen shinkafa, kuma ta bayan siton suke bi. Ƙasa ta zama gari. Ko giwa ce ta wuce, da kofato ya shafe ta. Hanyoyi uku suka rabu daga wurin: ɗaya ta nufi wajen masu turara shinkafa, ɗaya bakin titi, ɗaya kuma 'yar siririya ta bi gaɓar magudanar da ke kwashe ruwan da gonaki suka gama sha.

"To, Baba, ina sawun?" in ji Shugaba.

"Bai fito ba tukuna."

Kafin azahar maganar ta zaga gari, kowa da irin dariyar da ya ƙara mata.

*

Wanda bakin mutane ya fara kamawa bayan Ma'ajiya shi ne Mai Babur. Kowa ya san rabin takin bashinsa ne ya koma ƙafa biyu da madubi. Mai Sawu ya same shi a bakin titi yana goge tankin da hular kansa.

"Baba, na sani, an ce ni ne. Taki dai na sayar, ban ɓoye ba. Gona ta ba ni abin da na ba ta, wato ba yawa. Sauran kason a kasuwa na sayo da kuɗin fasinja, ka tambayi duk wanda ka so."

"Gonar ba ta yi fushi ba?"

"Ta yi. Amma ita ba ta kai matata asibiti in naƙuda ta tashi. Wannan yana kaiwa."

Tsohon ya dubi tayoyin, ya dubi yaron. Mutum ne da ba ya iya ajiye sirri ko na minti ɗaya, kuma injinsa ana jin sa daga ƙauye na gaba.

"Sata ta fi ƙarfinka," ya ce. "Tana son shiru."

Daga nan ya wuce wurin Inna mai turara shinkafa, wadda duk wanda ya saci mudu a gidansu wurinta yake kaiwa. Ya tarar da ita cikin hayaƙi tsakanin manyan tukwane, tana juya shanya da ƙafa.

"Kai ma ka zo ka ce ni ce? Zauna, tsoho, kar ka faɗa min a tukunya."

"Wa ya kawo miki farar shinkafa da yawa kwanan nan?"

"Da yawa? Mudu biyu, mudu uku, yara da matan da ba a ba su kuɗin cefane. In na faɗa maka sunayensu aure goma zai mutu kafin magariba. Buhu dai ban gani ba. Ni farar nan ma ta ishe ni. Masu saye kullum tambayata suke, ina jar nan ta da, mai daɗin nan da ke riƙe ciki? Bankinku ya kashe ta. Da zan samu yau, wallahi har ƙari zan yi a kan kuɗin fara."

Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya fito da abu ɗaya: shinkafar ba ta shiga kasuwa ba. To ɓarawon da ba ya sayarwa, me yake yi da ita?

*

Washegari aka ga Mai Sawu a bayan sito da bokiti mai igiya. Yana jefa shi cikin magudana, ya jawo, ya yayyafa wa busasshiyar hanya ruwa da tafin hannu. Hanyoyin nan uku duka, safe da yamma.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Wani ya tambaye shi ko hanya ce za ta yi 'ya'ya bana. Shugaba ya bi shi ranar farko don alƙawari, daga baya ya ce yana da uzuri.

Ma'ajiya ta zo ta karɓi igiyar.

"Baba, cewa ake yi ka taɓu."

"Tun uwarki na da rai ake faɗa. Ita ce ma ta fara."

"In filin nan ya tafi..."

"Jawo ruwa."

Ta jawo. Can ya tausaya mata, ya ce, "Mai tarar shinkafa a ɓoye ba ya ɗinke bakin buhu, sauri yake. Duk inda ya bi sai ta zuba. Kaji sun tsince ta sama. Amma shanun da suka ɓata min sawu sun taka wata sun binne. Kowa ta ƙofar gaba yake kawo kaya, ba mai bin nan da shinkafa sai shi. Ƙwaya kuwa ba ta san an sato ta ba. Ruwa kawai take jira."

Ma'ajiya ta tsaya da bokiti a hannu. Ita ma manomiya ce, ba ta bukaci ƙarin bayani ba. Ta ci gaba da jawowa, sai dai yanzu da sauri.

Ba a yi mako ba, wata safiya, tsohon ya sunkuya ya ga abin da yake jira. Ƙarƙashin ramukan iska ƙasa ta yi kore shar. Hanyar titi ba komai. Hanyar Inna ba komai sai ciyawa. Amma a siririyar hanyar magudana, ga tsiro nan sirara kamar allura, ɗaya nan, uku can, a jere, suna gangarawa.

Hanyar tana da tsawo, gonaki da yawa ke bakinta, ƙarshen wata kuma ya matso. Ya ci gaba da ban-ruwa gaba, inda tsiron ya tsaya. A nan ne wata rana, ƙugunsa ya riƙe, ya ji an zare igiyar daga hannunsa.

"Kawo, Baba. Ka huta."

Na-Wutsiya ne. Ana ce masa haka don gonarsa ce ta ƙarshe a layin ruwa, inda rabo ke isa in kowa ya ƙoshi. Mutum ne marar magana, dogon wuya, 'ya'ya shida. Shi ya kawo kasonsa a ƙarshe bana. Ranar da aka taru a kan Ma'ajiya, shi kaɗai bai ce uffan ba.

"Ka san abin da nake shayarwa?"

"Na ga ya fito a sama," in ji Na-Wutsiya, bai ɗago ba.

Ya yayyafa ruwan da kyau, yadda ya kamata, ba ya barin gurbi. Mai Sawu ya zauna a kan gaɓa yana kallon hannuwansa. A shekarunsa na bin sawu ya ga masu gudu, ya ga masu rantsuwa, ya ga masu zare wuƙa. Wannan bai taɓa gani ba. Bai da abin nunawa tukuna. Amma daren nan abinci bai shiga ba.

*

Ana saura kaɗan wata ya ƙare ya sa aka tara ƙungiya a bayan sito, har da jami'in banki, har da Inna da ta ce ba za a yi ba ita ba.

"Kun tambaye ni sawu," ya ce. "Ga shi. Kar wanda ya taka."

Suka bi shi a layi ɗaya, manya da furfura suna tafiya a ɗosane kamar masu tsallake kwata. Koren zaren ya wuce gonar Mai Babur bai ko waiwaya ba, Mai Babur ya ce a shaida. Ya wuce filin Ma'ajiya. Nan Shugaba ya rage sauri, ya duba, ya sake dubawa, zaren ya yi gaba abinsa. Ya wuce gona bayan gona, ƙasa tana ƙara tsagewa, har ya kai ta ƙarshe. Nan ya karkata, ya hau kunyar gonar, ya tsaya a bakin wata 'yar rumfar kara, inda ya yi kore dunƙule guda.

Na-Wutsiya na tsaye a wurin, da fartanya a hannu.

"Hanyar gonata ce," ya ce a hankali. "Ni ma na yi dakon shinkafa ta nan."

Mai Sawu ya so a ce maganar ta tsaya a nan. Amma filin matarsa ne a kan sikeli. Ya sunkuya ya tuge tsiro ɗaya, ya tuge tushen shinkafar da aka girbe a gonar, ya miƙa wa Shugaba duka biyun.

"Kai manomi ne kafin ka zama shugaba. Faɗa musu."

Shugaba ya juya su. "Tsiron fara ce, irin banki. Tushen kuwa... gindinsa ja ne. Wannan tsohuwar ja ce."

Mai Sawu ya ce, "Gonar da ta haifi ja, mai ita ya kai fara sito. Buhunansa na can da alamarsa, a je a kwance."

Ba a je ba. Na-Wutsiya ya ajiye fartanyar, ya zauna a ƙasa.

"Na shuka irin banki," ya ce. "Ruwa bai iso ba. Na je wurin Shugaba sau nawa, ya ce gobe. Ta bushe a tsaye. Na sayar da takin na sayi jar, don ita tana jure ƙishi. Ta yi, wallahi ta yi." Ya ɗaga tabarmar da ke bakin rumfar. Buhuna ne a jibge har sama. "Na kai samfur, aka ce banki ba ya karɓar ja. In ban biya ba, ku duka za a hana. Na ce ni ne zan jawo wa gari? Sai na ɗebo ta baya, na sauya buhu, na shigar ta gaba. Na ɗauka sai an kai birni za a gane, a ce sikeli ne." Ya juya wajen Ma'ajiya, bai iya kallon fuskarta ba. "Ban tuna da sharaɗin mukulli ba, Yaya. Da aka faɗa, bakina ya mutu."

"Bakinka ya mutu," ta ce. "Filin uwata kuma ya kusa binsa."

Mai Sawu ya nuna fartanyar da sanda.

"Abu ɗaya nake so in sani. Ka ga tsiron tun yana sama. Sara kaɗan ya ishe ka. Me ya hana?"

"Na fito da ita yau ma," in ji Na-Wutsiya. "Kullum sai na fito da ita. Baba, tun da na karɓi gonar nan, farar shinkafa ba ta taɓa tsayawa kore a bakinta ba sai wannan. Hannuna ya ƙi."

Wani ya ce a kira 'yan sanda. Wani ya ce a ƙwace gonar. Shugaba ya buɗe baki, sai ya lura mutane da yawa shi suke kallo, don gonarsa ce ta farko a bakin ruwa, kuma bana har kifi aka kama a cikinta. Ya rufe.

Inna ce ta kutsa, ta soka hannu cikin buhu, ta murza, ta sa a baki.

"Ku 'yan sanda za ku dafa? Wannan duk na saya. Ku da kuka ajiye fara a gida, ku kawo ta sito a cika awo, in ba ku ja ko kuɗi, wanda kuka zaɓa."

"Ni ja," in ji Mai Babur. "Matata tun da ta haihu take min mitar ta."

Aka yi dariya, irin wadda ke fitowa bayan an daɗe ana riƙe numfashi. Jami'in banki ya ce shi fara aka aiko shi ɗauka, bai ga inda aka ce ya tambayi daga ɗakin wa ta fito ba. Ya ƙara da cewa zai faɗa a ofis cewa gonakin ƙarshen ruwa wani iri suke bukata, ko da yake bai yi alƙawarin ofis na da kunne ba.

"Saura ke," Mai Sawu ya ce wa 'yarsa. "Ke aka ɓata. Me kike so?"

Ta kwance mukullin daga haɓar zane, ta riƙe shi a tafin hannu.

"Shugaba ya faɗa a gaban kowa cewa ba ni ba ce. Da ƙarfi, yadda ya faɗi ta kwaɗo." Shugaba ya faɗa. "Noma mai zuwa kuma rabon ruwa daga wutsiya zai fara, ya hau sama. In ba haka ba, ga mukullinku, ku ba wanda kuka yarda da shi a cikinku."

Mazan suka dubi juna, kowa ya tuna abin da ya sani game da na kusa da shi. Aka amince da ruwa.

*

Motar banki ta tafi a cike. Da yamma Mai Sawu ya fito bayan sito da bokitinsa, don jiki ya riga ya saba. Sai ya tarar an riga shi. Ma'ajiya na sunkuye a hanyar magudana tana tuge tsiron ɗaya bayan ɗaya, da saiwarsa, tana ɗaurewa dami-dami kamar yadda ake yi wa dashe.

"Kina share min sawu."

"Ya gama aikinsa, Baba."

Ya bi ta a baya har gona ta ƙarshe. Na-Wutsiya na gyaran kunya. Da ya gan su ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ta ajiye damman a gabansa.

"Ban yafe ba tukuna, kar ka yi murna. Amma wannan kai ka shuka, kai ka shayar. Gobe ruwa zai iso nan kafin ko'ina. Ka dasa."

"Yaya, ai ba tawa ba ce."

"Na sani. Bashi ne. Ni kuma ba banki ba ce, na san hanyar gonarka."

Mai Sawu ya juya ya kama hanyar gida a hankali. A bakin rumfar, Ma'ajiya ta manta da tsiro ɗaya. Ya tsaya, ya juye masa sauran ruwan bokitin.